Kunun Kofur Sallau

Ni ce yayar Sallau, don haka ba mai faɗa mini halinsa. Tun yana ƙarami taurin kai gare shi kamar jaki, aikin soja kuma ya ƙara masa. Amma da aka dawo da shi daga dajin Borno, ko salansar babur ce ta yi ƙara sai ka ga ƙato guda rub da ciki a tsakar gida, nan unguwarmu ta Hammadu Kafi. Likitansu ya rubuta masa ƙwaya, ɗaya kowace safiya, ya ce kada a yi fashi. Sallau ya yi wurgi da ita, wai shi ba mahaukaci ba ne.

Matarsa Rahinatu ce ta tsince. Ta riƙa murje ƙwayar da bayan cokali tana zubawa a kunun tsamiya, tsamin yana danne ɗacin. Ni na ba ta shawarar, ba zan ɓoye ba. Cikin wata huɗu mutum ya dawo hayyacinsa, yana barci, yana raka ta kasuwa, har tumbi ya ajiye. Yana ta bugun ƙirji, wai ƙarfin zuciya ne kawai. Likitan ya ɗauka yana shan maganinsa, ya sa hannu a mayar da shi bakin daga.

Nan fa hankalinmu ya tashi. Na ce ta gaya masa gaskiya, ta ce tana tsoron saki. Sai ta daka ƙwayar wata biyu, ta cakuɗa da garin kunu, ta ƙulle masa a jaka, ta roƙe shi ya sha shi kaɗai. Sallau da rowa? Ina! Kwana biyar ya bugo waya yana dariya, wai abokansa sun yaba, garin kunun ya ƙare.

Bayan wata biyu aka kawo mana shi, ko sallama ba ya amsawa. Rahinatu ta durƙusa tana kuka, ta faɗa masa komai. 

"Ashe ba ni na warke ba," ya ce.

Yau shekara uku ke nan. Bai sake ta ba, amma bai ƙara cin abin da hannunta ya taɓa ba, maganin ma ya ƙi. Kullum da safe tana dama kunu, babu komai a ciki, ta ajiye gefen tabarmarsa. Ni nake zubarwa da azahar, kuma wallahi laifina ya fi nata.