Baba ya daina gumi a filin golf

Jama'a, yau saura ƙiris mu rasa Baba!

Kun san yana azumin coci, ko ruwa ba ya sha sai yamma. Amma ya nace in ɗauko shi daga Romi in kai shi filin golf, da tsakar rana, a wannan zafin! Na miƙa masa ruwa, ya ture. Har da cika baki: "Rifkatu, dubi abokaina sun jiƙe sharkaf, ni ko gumi babu!"

Can ya ɗaga sanda, ya tsaya cak. Ya kalle ni, ya kira ni da sunan marigayiya Mama. Sai ji kake tim!

Na taɓa wuyansa, zafi rau, kuma a bushe. Abokinsa Baba Yohanna ya daka tsawa: "Ku ja shi inuwa! A cire rigar! Kar a ɗura masa a baki, a jiki za a zuba!" Muka juye masa ruwan ƙanƙara, sai asibiti.

Ya farfaɗo, mun gode Allah. Yana ganin ana masa ƙarin ruwa ya ce, "Wannan bai karya azumina ba?"

Na ce, "Baba, gawa ba ta azumi."