Igiyar Shanyar Malama Kellu

Duk mai bin hanyar Gomari da safe ya san matar nan da ke jiran keke napep a bakin titi, igiyar shanya na leƙowa daga jakarta. Sojojin shingen bincike sun gaji da tambaya har suka koma tsokana: "Malama, yau ma akuya za a ɗaure?" Ita kuwa sai ta ce, "Shekarun duniya zan shanya." Wannan ita ce Malama Kellu Madu, malamar labarin ƙasa, wadda ta yi ritaya a watan nan. Ni dai na ce ba za ta sulale gida shiru ba.

Ba ta yarda da darasin zaune ba. Waje take kora ɗalibai, ta ɗaure igiyar daga bishiyar dogon yaro zuwa ƙofar makaranta, ta ce wannan ne tsawon rayuwar duniya. Can kusa da farko akwai wani dogon yanki da ta rina ja, kuma a nan muryarta ke tashi. "Wannan shi ne Arkiyan. Kalmar Girkanci ce, ma'anarta mafari. Masana duwatsu na kiran zamanin da ya faro shekara biliyan huɗu da suka wuce, ya ƙare a biliyan biyu da rabi, da wannan suna. Ƙasa ta huce, ɓawonta ya yi tauri, ga teku, amma babu ciyawa ko ɗaya, babu iskar da za ku shaƙa. Masu rai sai ƙwayoyin da ido ba ya gani."

Kalmar ta kama bakin yara har ta fi ƙarfinta. Tsohuwar waya Arkiyan ce, motar shugaban makaranta ma Arkiyan ce. Dariya take yi, amma ba ta bari a yi wa kalmar kwasar karan mahaukaciya. Da wata ɗaliba ta ce duwatsun Gwoza ai Arkiyan ne, sai ta girgiza kai: "Waɗannan duwatsun yara ne, jiya-jiya aka haife su."

A lokacin fa 'yan tada ƙayar baya na kashe malamai saboda irin wannan darasi. Ta sani, tsoro ma tana ji, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Da aka rufe makarantu, tasu ta zama sansanin 'yan gudun hijira, sai ta ɗauko igiyarta ta dawo don yaran da ke zaune ba aikin yi. Shugaban mutanen sansanin, Bulama Ba'ana, dattijo daga Bama, ya ce sam. A cewarsa karatun boko ne ya jawo musu abin da ya jawo, ba ya son ƙari. Da ƙyar ya yarda zai kalli darasi ɗaya, in bai gamsu ba ta tattara ta tafi.

Waɗanda suka halarta har yau suna ba da labari. Igiya ta ratsa tsakanin tantuna, yara sun riƙe, mata sun bar girki sun matso. Malama ta bi jan yankin tana bayani, baki har kunne, ta zo ƙarshe ta tsinko gashin akuya guda ta ɗora a bakin igiyar. "Duk tarihin da ɗan Adam ya rubuta bai fi kaurin wannan ba."

Bulama ya matso da sandarsa. "'Yata, to wannan masifa tamu, ina take a igiyar?"

"Baba Bulama, tana cikin gashin nan. Ba a ma ganinta."

Ya daɗe yana kallon gashin. "'Ya'yana biyu da aka kashe suna ciki."

Ta ga zumuɗi ya sa ta taka inda bai kamata ba. Ba ta kare kanta ba, ba ta kawo wani bayani ba. Ta ce, "Ka yafe ni, Baba," ta fara naɗe igiyar, hawaye na zuba.

Dattijon ya kama bakin igiyar ya riƙe gam. "Kar ki naɗe. Wanda ya riƙe duniya duk tsawon nan bai manta da gashin ba. Koma wajen jan nan, ban ji da kyau ba."

Malama Kellu, ke ce kika koyar da mafarin duniya a lokacin da mutane ke ganin ƙarshenta ya zo. Ke ce kika san ranar ɗaga murya, kika kuma san ranar yin shiru. Jaruma mai igiyar shanya, mun gode, Allah Ya saka miki, Ya sa ki huta lafiya. Ku kuma matasan malamai, ku fito da yara waje, ku faɗa musu gaskiyar abin da kuka sani. Amma in mai makoki ya yi tambaya, ku dubi fuskarsa kafin ku ba shi amsa.