Napari da Masu Gora

Duk Nabuyili babu wanda zai ce ya taɓa ganin Napari ta girgiza bishiyar kaɗanya. Ƙa'idar garin ke nan tun kaka da kakanni: bishiya ta mai gona ce, amma abin da ya faɗo ƙasa na mata ne. Namiji ba ya tsinta, mace ba ta kaɗawa. Da wannan tsintar uwar Napari ta raine ta, a wurin tsintar kuma maciji ya sari uwar wata safiya a ciyawa mai raɓa. Ana gama zaman makoki Napari ta ɗauki kwanon marigayiyar ta koma gindin bishiyar nan, don ba ta ga dalilin da zai sa ta bar wa maciji abincin gidansu ba.

Ta auri Ziblim, mutumin kirki mai raunin ƙirji. Ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, gona kuma ta koma hannun ƙanensa Dokurugu. Kaɗanya ce ta kai yaran makaranta, ita ta aurar da matan uku, saura auta Wumbei. Matan gari suka naɗa ta magajiyarsu, wato shugabarsu, ba don daɗin baki ba, don wannan kam Allah bai ba ta ba.

A farkon wata damina sai ga baƙo daga Kano, Malam Tasi'u, wakilin wasu masu yin man shafawa, da babbar mota a bayansa. Garin ya shiga ransa, kuma shi ba mai barin magana a ciki ba ne. A teburin mai shayi yake zuba: mata a kan babur da goyo, zabi sun fi kaji yawa, tuwon kuwa laushi kamar na majinyaci.

"Ni dai tunda nake yawo ban ga masu ladabi irinku ba," in ji shi. "Tsohuwa ta durƙusa maka kamar kai ka haife ta. Nan garin ko kare a hankali yake haushi."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa. Ya fita da sassafe ya ga bishiyoyi jingim da 'ya'ya, ga mata sun sunkuya suna lalube a ciyawa. Shi kuma yana sauri, don in ruwa ya kankama hanyar Tamale ba ta biyuwa. Sai ya samu masu gonaki ya ce samari su saro gora su kaɗo 'ya'yan, shi zai saya a hannun maza, injin busarwa yana jiransa a birni. Dokurugu, wanda ban da inuwa bai taɓa cin komai a bishiyoyinsa ba, shi ya fara cewa to.

Napari ta je masaukin baƙon da curin man kaɗe a ƙwarya. Ta durƙusa, ta gaishe shi da Hausarta ta kasuwa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida har da waɗanda ba ta san ko akwai su ba. Sannan ta ce:

"Na ji za ka sa a doki bishiya."

"Kaɗawa dai, Inna, ba duka ba. Ke ma kin huta da sunkuyo."

"Wa ya ce maka na gaji?"

Ya yi dariya. "Inna, ai da masu gona na yi magana."

"Ka yi daidai. Bishiyarsu ce."

Ta yi sallama ta fita. Ya dubi direbansa ya ce, "Ka gani ko? Ko gardama ba su iya ba."

Tsoro ne fal cikinta a hanyar gida. Ta san maza. In gora ta yi aiki bana, baɗi ba macen da za ta tsinci ko ƙwara ɗaya, kuma abin da ya shiga aljihun namiji ba ya komawa tukunya. Tana shiga gida ta tarar da Wumbei yana fiƙe kan wata doguwar gora. Aure yake nema, kowa ya sani.

"Ta kama kifi ce?" ta tambaye shi.

"Mma, kar ki fara. Duk samarin gari za su je."

"Duk samarin gari ni na haife su?"

"Shekara nawa kina sunkuyo? Me ya ƙaru? Ni ba zan zauna jiran abu ya faɗo ba."

"Kai ma jiranka na yi har ka faɗo," in ji ta. Ta ɗauki mayafi ta bi gidaje.

Washegari da maza suka iso gonar Dokurugu da gora da buhuna, sai suka tarar da mata a gindin kowace bishiya, a zaune, kowacce da kwanonta a cinya. Dokurugu ya nufi Napari.

"Matar yayana, tashi ki ba mu wuri."

"Na riƙe maka hannu ne, ƙaramin miji? Bishiyarka ce, doke ta."

Suka doka. 'Ya'ya ɗanyu, korra shar, masu tauri kamar tsakuwa, suka riƙa zubowa a kan matan, su kuwa suna tsincewa suna jefawa a kwano. Masu buhuna suka yi cirko-cirko. Ba namijin da zai sunkuya ya tsinci kaɗanya a gaban uwarsa da surukarsa, don kafin la'asar an sa shi a waƙar daka, kuma har jikokinsa sai sun ji ta. Dokurugu ya yi ta faɗa, amma shi ma bai sunkuya ba.

Can wani busasshen reshe ya karyo ya sami Napari a goshi. Gorar Wumbei ce. Jini ya gangaro mata har haɓa, ba ta share ba.

"Ɗaga hannu sosai, Wumbei," ta ce. "Ga wani reshe can ka tsallake."

Ya yar da gorar ya bar gonar. Sauran samarin suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Malam Tasi'u ɗan kasuwa ne, bai tsaya fushi ba. Ya ce to, tunda kaya na mata ne, zai saya a hannun mata. Napari ta aza kwanonta a ka, ta ja matan zuwa bakin kwazazzabo, suka juye duka a ciki.

"Inna, wannan ai asara ce," in ji shi. "Me kika samu?"

"Na samu baɗi."

Ya juya ya koma gari. Da zai shiga mota ya ce wa mai shayi ya janye maganar ladabi, mutanen nan a durƙushe suke yanka mutum. Motar ta tafi rabi wayam, Wumbei yana zaune a bayanta.

Shekarar ta yi zafi. Bishiyoyin da aka doka ba su ba da komai ba, miya ta yi ta fita ba mai, wasu daga cikin matan da suka zauna tare da ita suka daina gaishe ta. Ba ta bi kowa da ban haƙuri ba. Kewar ɗanta ce kawai ta fi ƙarfinta, kuma ba ta ɓoye ba: takan shiga ɗakinsa ta zauna ta yi kukanta, ta fito ta hura wuta.

Wumbei yana Kumasi yanzu, yana dako. Yana kiran yayyensa a waya, ita ba ya kiranta. Kwanan baya ya aiko babbar yayarsa ta gaya mata zai dawo in ta amsa cewa ta kunyata shi a gaban gari. Napari tana tuƙa man kaɗe, hannunta tsundum a kwano har gwiwar hannu.

"Ki ce masa ɗakinsa na nan, kullum ina sharewa," ta ce. "Amma in da gora zai dawo, a zaune zai same ni."