Lami Tela da Fedar Jita

A layin da ke bayan Ƙofar Marke, in aka ce Lami tela ba a neman ƙarin bayani. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, 'yar ƙasar Zuru, wadda ta zo Sakkwato da keken ɗinkinta bayan yaƙin basasa. Mijinta Irmiya ta biyo, da aka sallame shi daga soja aka ba shi aikin sito a ma'aikatar ayyuka. Nakiya ce ta ɗauke masa ƙafar hagu daga gwiwa, ta bar ta dama da idon sawu a sandare, shi ya sa da ƙafar katako da sanda yake tafiya. Hannuwansa dai lafiya lau, kuma tun a bariki ya ƙware da kaɗa jita.

Ciki da falo suka kama haya a gidan Hajiya Dijatu, wata dattijuwa da mijinta, babban malami, ya rasu ya bar mata gida da jikoki. A falon Lami ta kafa kekenta. Tana ɗinka wa matan coci kayan zumunta, tana ɗinka wa matan cikin gari kayan sallah da na biki, kuma duk bakinsu ɗaya a kan abu guda: ɗinkinta ba ya tsalle. Ƙafarta a kan fedar keken ba ta gaggawa ba ta nawa, ko ana hira ko ana faɗa a kanta.

Irmiya yana da abokai biyu da suke kiɗa tare. Barnabas malamin firamare ne, shi ke riƙe da jita mai kaurin murya, Tanko kuma ma'aikacin gidan waya ne, shi ke kan ganguna. Sun sa wa kansu suna Samarin Giginya, ko da yake ƙaraminsu ya ba talatin baya. Kiɗan rok suke so, irin wanda suke ji a faya-fayen da ke zuwa daga Legas, amma kayansu na aro ne, lasifikar ma ta makarantar Barnabas ce.

Shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, gari ya cika da sababbin babura da rediyoyi da fankoki. Lami ta so firji. Irmiya ya bi ta da lallashi har ta haƙura, ya ba wani direban babbar mota saƙo zuwa Legas: amfilifaya mai kyau, wato akwatin ƙara wa jita sauti, da abin nan da ke sa jita ta yi kuka kamar tana magana. Bai san sunansa ba, bai taɓa ganinsa ba, a faifai kawai ya ji shi.

Saƙo ya iso. Amfilifayar baƙa ce, girmanta ya kai akwatin lefe, da kwalabe a bayanta masu yin ja in ta ɗau zafi. Tare da ita akwai ƙananan abubuwa biyu. Na farko ɗan gwangwani ne mai maɓalli, in an danna sai jita ta koma gurnani. Wannan Irmiya ya iya da shi, da bakin sandarsa yake danna shi. Na biyun kuwa feda ce mai tsawon tafin ƙafa, wadda sai an yi ta karkaɗa ta gaba da baya yayin da ake kiɗa.

Irmiya ya daɗe yana kallonta, sannan ya kalli ƙafafunsa, ya fashe da dariya har da hawaye.

"Maman Esther, kin ga abin da na sayo da firjinki? Abin masu ƙafa ne."

Ya gwada da ta katako, fedar ta zame. Ya gwada da ta dama, idon sawu ya ƙi lanƙwasuwa. Barnabas ya karɓa, amma da ƙafarsa ta motsa sai hannunsa ya rikice. Tanko kuwa ƙafafunsa duka biyu suna da aikinsu. A ƙarshe aka tura fedar ƙarƙashin teburin ɗinki, don nan ne kaɗai wurin da ba a tuntuɓe da ita, ko wayarta ba a cire ba.

Wata ranar Asabar da hantsi Irmiya yana gwajin wata sabuwar waƙa a falo, Lami ta ba shi baya tana haɗa hannun wata riga. Ta tsayar da keke don ta zura zare, ƙafarta ta sauka a kan fedar, ta ci gaba da abin da ta saba ba tare da mai ita ta sani ba. Jita ta buɗe baki ta ce wa, wa, wa, daidai kan kiɗan.

Irmiya bai tsaya ba. Ya ce a hankali, "Kada ki daina. Kada ma ki waiwayo."

Sai da suka kai ƙarshen waƙar Lami ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ga abin da take takawa. Ba ta gama mamaki ba sai ga Hajiya Dijatu ta ɗaga labule.

"Lami, mi as samu jitar mijinki? Ina daka na ji ta tana kuka awa jinjiri."

"Ni ce na taka ta, Hajiya."

"To ƙara taka ta in jiya."

Ta ƙara. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce ita dai ba ta sauraren kiɗa, amma wanga abu da ban dariya yake, ta zauna a bakin ƙofa har aka sake waƙar.

Matsalar ita ce Lami ta ƙi fita gaban jama'a. Ita ce ma'ajin zumuntar mata a cocinsu, ba za a gan ta a kulob ɗin ma'aikata tana taka rawa da ƙafa ɗaya ba. Barnabas ya samo doguwar waya, aka riƙa ajiye mata kujera a bayan labulen dandamali, kusa da inda ake tara kujerun da suka karye. Duk yammacin Asabar tana can da fedarta, ba mai ganinta. Mutane suka ga Irmiya zaune, ƙafafu a miƙe ba motsi, jita kuma tana magana. Nan da nan zance ya bazu cewa akwai laya a cikin ƙafar katakon, daga fagen yaƙi ya zo da ita. Irmiya bai musa ba. Wani lokaci ma sai ya ɗan shafa ƙafar kafin ya fara.

Cikin masu zuwa kallo akwai Junaidu, injiniyan sauti a gidan rediyo, wanda bai daɗe da dawowa daga kwas ba. Shi bai yarda da zancen laya ba, ya bi waya da ido har bayan labule, ya tarar da Lami ta tuɓe takalmi tana aiki. Ya gaishe ta da ladabi, ya koma ya jira aka tashi, sannan ya ce musu yana da na'urar ɗaukar sauti tasa ta kansa, kuma ya san wani kamfani a Legas da zai buga faifai in tef ɗin ya yi kyau.

Aka sa lokaci cikin hutun makaranta, a wani aji na makarantar Barnabas. Tsakiyar bazara ce, zafin Sakkwato yana kan ganiyarsa. Junaidu ya ce a rufe tagogi saboda hayaniyar titi, a kashe fanka saboda makirufo yana ɗaukar ƙararta. Da Tanko ya buga ganga sai ajin ya amsa kamar rijiya. Lami ta koma gida ta kwaso barguna da tsofaffin zannuwa, har Hajiya ta ara mata manyan gwaduna biyu, aka rataye su a bango, amsa-kuwwar ta kwanta. Amfilifayar aka ɗora ta a kan kujerar malami, Junaidu ya kafa mata makirufo a gaban hanci, ya yi ta matsar da shi kaɗan kaɗan har ya ji abin da yake nema. Ita ma zafin bai bar ta ba. In an yi waƙa ɗaya sai ta fara wari kamar dutsen guga, dole a kashe ta a buɗe ƙofa, manya uku su tsaya suna yi mata fifita da mafici suna zufa.

Amma babbar matsalar daga Lami ta fito. Da Junaidu ya ɗaga hannu tef ya fara juyawa, kowa ya zuba mata ido, sai ƙafar ta ƙi. Ta shiga da wuri, ta shiga a makare, ta danna fedar har ƙasa jita ta yi ƙara mai tsinin da ya sa Junaidu ya cire abin kunnensa. Aka sake, aka kuma sakewa. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

"Baban Esther, ku yi abinku ba ni. Zan ɓata muku tef."

"In ba ke, ai sai dai mu ɗauki gurnani kawai," in ji Irmiya. "Me ya bambanta nan da gida?"

Ta yi tunani. A gida ba ta kallonsa. A bayan labule ma ba ta kallonsa. Kuma ba ta taɓa zama hannu sake ba.

Ta tashi ta juya kujerarta ta fuskanci allo, ta buɗe jakarta ta ciro wata rigar amarya da ta rage mata kalmasa wuya, ta zura zare a allura.

"To, Malam Junaidu, kunna abinka."

Waƙar ta tafi tun daga farko har ƙarshe ba tangarɗa. Haka aka ɗauki sauran, tana ba su baya, allura na shiga na fita, ƙafa na aikinta. A waƙar ƙarshe, wadda Irmiya ya yi wa abokansa da ba su dawo daga yaƙi ba, ta sassauta fedar ta bar jita ta ja kuka a hankali, har Tanko ya sunkuyar da kai a kan gangunansa. Kafin hutu ya ƙare an gama ɗaukar tef, wuyan rigar amarya ma ya kammala, har da na ƙawarta.

Sai bayan damina faifan ya iso, da hoton maza uku a jikin kwalin. Barnabas ya juya bayan kwalin yana karanta sunaye a tsakar gida, ya zo kan na huɗu ya tsaya, ya rufe baki da hannu. Ashe sunan fedar a wurin masu ita shi ne kukan da take yi, kuma haka kamfanin ya rubuta a gaban sunan Lami.

"Karanta mana," in ji Hajiya Dijatu.

"An sa, Lami Irmiya, wa-wa."

"Wawa? Ɗiyar mutane ta yi musu aiki, su rubuta mata wawa a takarda?"

Da ƙyar aka fahimtar da ita. Lami kuwa ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Asiri ya tonu, zancen laya ya mutu, matan zumunta suka yi ta zuwa falo wai sun kawo ɗinki, alhali fedar suke son gani.

Faifan bai yi wani tashe a ƙasa ba, amma a Sakkwato an saye shi, an kuma sa shi a rediyo a shirin zaɓen masu sauraro. Ba a yi na biyu ba. Da aka raba jiha, aka mayar da Barnabas Minna, Tanko ma ya samu canjin wurin aiki, Samarin Giginya suka watse ba tare da faɗa ba.

Irmiya ya kai amfilifayar coci, ya zama mai kaɗa wa mawaƙa jita. Dattawan coci suka yi zama a kan batun gwangwanin da fedar, suka yanke cewa gwangwanin gurnani ba zai shiga ɗakin sujada ba ko kusa, amma ta Lami an yarda da ita ranar Kirsimeti da ranar godiyar kaka. Lami ta ce hakan ma ya yi mata daidai, don sauran ranakun shekara ɗinki ya yi mata yawa.