Gwaggo Mai Kunne Ta Bar Ɗakin Gwajin Siminti

Shekara talatin, kowace safiya Gwaggo Mai Kunne kan sauka matakala goma sha biyu zuwa ɗakin gwajin siminti da ke ƙarƙashin ƙasa. Ba taga. Sai sanyi, sai kwamin ruwa inda ƙananan bulolin kankare ke kwanciya kwana ashirin da takwas, shiru kamar masu jiran hisabi. Takan ciro ɗaya, ta sa shi a bakin injin da ke matse shi har ya fashe, ta rufe ido.

"Gwaggo, lambar da injin ya nuna ake kallo fa," injiniyoyi kan ce, suna dariya.

"Ku kalla, 'ya'yana. Ni saurare nake."

Da aka fara kawo wani baƙin garin kabon da ake haɗawa da siminti don ƙara masa ƙarfi, mai siraran zaruruwa da ido ba ya gani, ita ta fara gane muryarsa. In an dama shi a ruwa ya watsu sosai, zaruruwan kan riƙe tsaga, bulo ya yi ta nishi kafin ya karye. In ya dunƙule, ba nishi.

Ranar da aka kawo samfurin rufin wata makaranta, lambar ƙarfinsa ta kai yadda ake so. Amma bulon ya fashe tas, ko tari bai yi ba. Ta ɗauki ɓarin, sai ga baƙaƙen ɗigo cike da cikinsa kamar idanu suna kallon ta. Ashe a bushe ma'aikata suka zuba garin, don sauri.

"Sa hannu, Gwaggo, gobe za mu zuba," in ji babban injiniya.

"Yara nawa za su zauna a ƙarƙashinsa?"

"Ɗari biyu."

"To, nemo wani hannun, ba nawa ba."

Aka yi mata fushi, amma aka sake kwaɓi. Wani ƙaramin rufin gwaji da aka zuba da kwaɓin farko aka bar shi a bayan ofis. Bayan wata huɗu, da rana tsaka, ba iska ba ruwa, ya rufto. Ba wanda ya ji motsinsa kafin nan.

Ke ce kunnen gini, Gwaggo. Mu abokan aikinki mun gode, kuma Allah ya sa na baya su koyi tsayawa su saurara kafin su sa hannu. Abin da ke mana ciwo shi ne ƙarar injin ta cinye kunnuwan nan. Ranar ban kwana mun yi ta tafi, ke kuwa hannuwanmu kawai kike kallo. Yanzu haka yaran nan ɗari biyu suna can suna ihu a ƙarƙashin rufinsu lafiya lau. Ba za ki ji su ba, shi ya sa muka rubuta miki.