Gaisuwar da Na Koyo a Bambai

Ni dai ban bar gida da niyyar koyon yaren kowa ba. Injin ban-ruwa aka aike ni in sayo.

Lokacin soji ke riƙe da ƙasa, damina kuma ta fara yi mana rowa. Kawuna, yayan mahaifiyata, babban alhaji ne a unguwar Zariya cikin Maraɗi, a hannunsa na tashi ina koyon fatauci. Shi ya ce gonar tudu ta gama yawo, wanda zai ci abinci sai ya gangara fadamar Jiratawa. Ya ji ana yin injina masu ƙarko a Indiya, ya ce ni zan je tunda na yi lakwal, wato makarantar boko, ina jin Faransanci. Na ce na yarda, amma inji ɗaya na mahaifina ne.

Sai an san mahaifina za a gane dalili. Manomi ne a Tsibiri, gero kawai ya sani, wani iri mai dogon kai da ya gada wurin kakana. Mutum ne da bai taɓa cin abin da ba guminsa ba. Ko gidan kawu ya je, ruwa kaɗai yake sha, ya ce ya ƙoshi. Na san in rumbunsa ya ƙare ba zai shiga layin rabon taimako ba, ba zai kuma karɓi ko tiya ɗaya daga hannun ɗan'uwan matarsa ba. Dabarar da ta rage mini ke nan, in samo masa inji da ɗan fili a fadama, ya noma da hannunsa ya ci.

Na sauka Bambai ana tsakiyar ruwa. Wai ruwa! Kwana da kwanaki ba ya ɗaukewa, yana gudu a titi har gwiwa, mutane na tsaki suna ɗage wando. Na tsaya ƙarƙashin wata rumfa ina kallo, takaici ya cika ni, na ce ya Rabbi ko na yini ɗaya ka juya mana shi. Faransancin da aka zaɓe ni dominsa kuwa bai samo mini ko ruwan sha ba. Akwai tafinta mai ɗan Larabci da ke raka ni wurin masu injina, amma yana gama cinikinsa yake kama gabansa, ya bar ni ina nuni da yatsa kamar bebe.

Masu injina suka yi ta ja mini rai, yau gobe, yau gobe. Cikin wannan zaman jiran ne yunwa ta kai ni gidan wata tsohuwa da ke dafa wa ma'aikatan masaƙa abinci a wani lungu kusa da masaukina. Kowa Aji yake ce mata, wato kaka, ni ma na bi. Ba ta dafa nama, don haka ban da damuwar yanka. Ranar farko ta ajiye mini wata waina mai faɗi, baƙa-baƙa, da miyar ganye. Na gutsura na sa a baki, sai na tsaya. Gero ne! Geronmu sak, a ƙarshen duniya. Na nuna mata, na nuna ƙirjina, na yi alamar noma. Ta ce, "Bajri." Na ce, "Gero." Ta maimaita ta ɓata shi, muka yi dariya. Daga nan makaranta ta buɗe.

Hausawa sun ce in ka je gari ka tarar kowa da jela, nemi tsumma ka ɗaura. Harshen ƙasar nan ba ɗaya ba ne, na wannan yankin shi ake kira Marati, shi Aji take ji, shi na kama. Ba ta da haƙurin malanta ko kaɗan. In na faɗi abu ba daidai ba sai ta buga ludayi a tukunya ta sake faɗa da ƙarfi, kamar kunnena ne ya toshe. Na koyi sunan ruwa da gishiri da barkono, na koyi ƙirga, na koyi zagin masu keke. Ma'aikata su sa ni in faɗi abu, su kwashe da dariya, ni kuma in rama musu da Hausa. Kafin injina su kammala har ina iya ba ta labarin gida a gurguje. Ashe ita ma fari ne ya koro ta daga ƙauyensu tun da ƙuruciya. Ta koya mini sunan fari da yarensu, ta tofar da yawu bayan ta faɗa.

Abin da ya fi shiga raina shi ne gaisuwarsu. Su ba sa tambayar gajiya da iyali da sanyi kamar mu. Mutum na shigowa Aji za ta ce, "Jewlas ka?" wato ka ci abinci? In ka ci ka ce ka ci. In ba ka ci ba ka ce, "Nahi," ta miƙo maka wainar gero, shi ke nan. Na ga dattijo mai furfura, wanda aiki ya kuɓuce masa, ya ce nahi a gaban jama'a, ya zauna ya ci, ba wanda ya ko ɗaga kai ya kalle shi.

Abin ya tsaya mini a rai. Duk ranar da na samu layin talho na kira kantin kawu, amsar ɗaya ce. Ya gida? Lafiya lau. Ya su Baba? Lafiya lau. Ya ruwa? Sai godiya. Na san ƙarya ce, shi ma ya san na sani. Na ce a raina mu kam gaisuwarmu za ta kashe mu, mutum na rangaji yana cewa lafiya lau har ya faɗi. Su waɗannan mutane sun fi mu dabara, suna tambayar abin da ya kamata a tambaya.

Na dawo bayan kaka, kakar da ba a yanke komi ba. Injina na biye a jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga can kuma sai abin da ƴan duwan, wato ƴan kwastan, suka ga dama. Iyakar Najeriya a rufe, hatsi ba ya shigowa sai a ɓoye. Bakin Maraɗi cike da mutanen arewa da suka baro dabbobinsu matattu. Na kwana gidan kawu, da safe na ɗora buhun shinkafa a mota na nufi Tsibiri.

Al'adar da kowa ya sani a irin wannan lokaci, ni ma na san ta, ba a kai wa magidanci hatsi ta ƙofar gida. Ta hannun mata ake bi. A ba uwar gida a asirce, ta dafa ta ajiye masa, shi kuma ba ya tambayar inda aka samo. Ashe haka Inna take yi tun tafiyata, ƙannenta mata na kawo mata ɗan abin da ya samu cikin ƙullin zane daga gidan kawu, Baba na ci ba tare da ya ce uffan ba.

Na tarar da shi bayan azahar a inuwar ƙofar masallaci da abokansa dattawa. Da ƙyar na gane shi. Wuyansa ya zama kamar na tulu, rigar da na san tana cika shi tana lilo a jikinsa. Na durƙusa muka gaisa, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen Indiya. Direba kuwa ya riga ya sauke buhu a gefen hanya, kowa na gani. Watanni ina jin tambayar nan safe da yamma, ina amsa ta, ina yi wa wasu, har ta zauna a bakina. Na dubi wuyan nan nasa, sai kawai ta fito da Hausa.

"Baba, ka ci abinci yau?"

Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Magana zarar bunu, ta riga ta fita.

Baba ya dube ni, ya dubi buhun. Ya ce, "Na ci." Sannan ya ce, "Amma ga alama kai ne ba ka ci ba, baƙon Indiya. Dakata."

Ya dafa bango ya miƙe ya shiga gida, na bi shi. Ya wuce ɗakinsa ya jawo damin iri daga inda yake rataye, wanda ya tsallake fari da shi, wanda ko Inna ba ta isa ta taɓa ba. Ya jefa shi tsakar gida.

"A sussuka, a daka. Muna da baƙo, da mutane a waje."

Inna ta ce, "Malam, iri ne hwa."

Ya ce, "Na sani. A daka."

Na kama ƙafarsa, na ce Baba don Allah, ba haka nake nufi ba, gaisuwa ce ta can. Ya ce to ya ji gaisuwa, shi kuma ga amsa. Ya koma waje ya zauna.

An daɗe ba a ji turmi a unguwar nan ba. Da taɓarya ta fara sauka sai ga mata na leƙowa ta kan danga. Na zauna ina jin kowane bugu. Kafin la'asar aka fito da ƙwarya cike da farau-farau, garin gero da ruwa kawai, ba nono. Dattawan nan sun san abin da ke cikin ƙwaryar, amma yunwa ba ta da kunya, suka sha, ludayi na zagayawa. Aka miƙo mini, Baba na kallona, dole na sha. Shi kam ko ludayi bai taɓa ba, tunda ya ce ya ci. Da zan tafi ya sa aka mayar da buhun shinkafa cikin mota.

Har yau in an ce laifina ne ina musu, kuma zan yi ta musu. Ɗa ya ga ubansa na ƙarewa, ya tambaye shi ko ya ci, ina laifi a nan? Wace irin kunya ce ta fi rai? Amma musuna bai hana komi ba. Daga ranar Baba ya fara abin da bai taɓa yi ba, duk kwanon da Inna ta ajiye sai ya tambayi daga ina. Ita kuma ba ta iya yi masa ƙarya ido da ido ba. In daga Zariya ne, gidan kawu, ya ture. Ya koma cin anza, ɗiyan itacen dajin nan masu ɗaci, da ganyen da yake tsinkowa da kansa, sai ɗan dusa in ya yi wa wani aikin danga. Na aika dattawa, na aika liman, ya ce musu lafiyarsa lau.

Na koma zirga-zirga biro, ofishin duwan, kamar mahaukaci. A ce takarda ba ta iso ba, a ce mai sa hannu ya tafi Yamai, a ce motocin duk suna jigilar hatsin taimako. Na je Jiratawa na ga filin da kawu ya ware wa Baba, ƙasa mai kyau, ruwa ba nisa. Na zo na ba shi labari don ya ji daɗi. Ya ce, "Madalla. Mi za a shuka?" Irin kuwa mun riga mun shanye shi a ƙwarya.

Da bazara ta yi zafi ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura. Wata ranar Juma'a da hantsi ina zaune gefen tabarmarsa ina yi masa fifita, Inna ta fita neman ruwa, sai ya buɗe ido. Tun ranar ƙwaryar nan bai yi mini wata doguwar magana ba.

Ya ce, "Kai, mutanen nan naka. Yaya ma suke cewa?"

Na ce, "Wanne, Baba?"

"Gaisuwar."

Na faɗa masa. Ya sa na sake faɗa, ya gwada, harshensa ya ƙi, har ya ɗan yi murmushi.

"To in mutum bai ci ba, mi zai ce?"

Na ce, "Sai ya ce nahi."

Ya juya fuskarsa bango. Na ɗauka barci ya koma. Can sai na ji ya ce, a hankali, "Nahi."

Wallahi ban san lokacin da na kai tsakar gida ba. Na hura wuta da kaina, na dama kunu da garin da Inna ta ɓoye, na kawo na tallafo kansa. Bai tambayi daga ina ba. Ya buɗe baki ya karɓa, amma cikin ya riga ya ƙi. Abin da ya shiga duk ya dawo. Na sake gwadawa da yamma, na gwada washegari, Inna ta gwada, likitan da kawu ya turo ya gwada. Kafin wata Juma'ar mun kai shi makwancinsa.

Injina suka iso bayan ruwan farko ya sauka, ruwa mai yawa, irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Na Baba aka kafa shi a Jiratawa, wani ya yi ta noman albasa da shi. Gonar Tsibiri na shuka ta da irin da aka raba, gajeren gero ne, ba namu ba. Mai dogon kan nan na neme shi wurin maƙwabta ban samu ba.

Ban sake komawa Bambai ba. Maratin na nan a kaina, ba ni da wanda zan yi shi da shi, ƴaƴana sun sha roƙona in koya musu na ƙi. Mutum ɗaya na taɓa koya wa, kalma ɗaya, kuma sau ɗaya ya faɗe ta.