Takalman da Aka Dawo Mini da Su

A shekarun da na fara tsayawa da ƙafata a Greensboro, kayan leburori nake sayarwa: takalman aiki masu ƙarfe a baki, hular kwano, safar hannu. Akori-kurata ce shagona. Da safe ina zagaya wuraren gini na Downtown, wato tsakiyar gari, da rana in kwashe ɓaraguzai a duk inda aka kira ni. Daga takalmi nake gane halin da mutum ke ciki. Mai aiki ba ya shekara bai cinye dunduniya ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani birkila mutumin Maraɗi, maƙwabcina a unguwar Glenwood, ya miƙo mini leda. Takalman da na sayar masa ne, ko koɗewa ba su fara ba.

"Alhaji, saye su. Ko nawa ne."

"Malam, ƙafar ce ta ƙara girma?"

"A'a, bakina ne ya yi yawa."

Ashe a shantiyensu, yadda mutanen Nijar ke kiran wurin gini, ya ga katakon da ake takawa a sama yana rawa. Ya faɗa wa foman, foman ya share shi, shi kuma ya kira masu duba lafiyar ma'aikata. Aka gyara katako, aka sallame shi. Tun daga nan duk inda ya je sai a ce an cika. Ba a rubuta komai ba, shugabannin leburorin ne kawai ke buga wa juna waya. Matarsa na da tsohon ciki, shi kuma har ya fara maganar tattara su su bar garin.

Na saye takalman, na cusa su bayan kujera. Ban kasa su cikin na sayarwa ba.

A lokacin wani babban ɗan kwangila yana lallaɓa ni. Wata ƙaramar hukuma a yankin za ta yi gini, kuma ofishin da ke raba kwangilolinta yana son ganin ƙananan 'yan kasuwa irina a cikin aikin. Ni za a ba kwasar ɓaraguzai. Wata mata daga ofishin ta zaunar da mu tana karanta sharuɗɗa, ni kuwa ina gyangyaɗi. Sharaɗi ɗaya ne ya wartsakar da ni: duk wanda ya karɓi aikin hukumar ba zai hana mutum aiki don ya taɓa kai ƙara ba. In ya yi, kwangilar ta bar hannunsa.

Ranar da aka fara aiki, lokacin da na san matar za ta zo dubawa, na ɗauko maƙwabcina a matsayin yaron motata, na miƙa masa takalmansa. A bakin ƙofa foman ɗin wurin ya tare mu.

"Wannan ba zai shigo ba."

"Me ya yi?"

"Ka san abin da ya yi."

"Ni takalmi nake sayarwa, ina zan sani? Amma ga madam ɗin ofis can tana fitowa daga mota. Faɗa mini a gabanta, kunnena ba ya ji sosai."

Ya dubi matar, ya dube ni, ya daɗe yana tauna cingam. Can ya ce, "Ya sa hularsa."

Ba a yi nisa ba aka rasa mai jera bulo, foman ɗin da kansa ya zo ya are shi, bai kuma dawo mini da shi ba. A Glenwood aka yi sunan jaririyar.

Amma tun a ranar farko na ɗanɗana abin da tsohon foman ɗinsa ya ɗanɗana. Muna tashi, Malam ya zagaya akori-kurata, ya tsuguna, ya shafa tayar baya.

"Alhaji, wannan ta sule. Ba na shiga."

"Malam, yau fa na samo maka aiki!"

"Na gode, Allah ya saka. Amma ta sule."

Bas ya hau ya tafi gida. Washegari na sayi taya.